Fiƙa da Haure: Cizon da Ba a Rainawa

  

Yau maganar haƙori za mu yi, dogon haƙorin nan mai tsini da ke bakin dabba, wanda muke kira fiƙa, idan kuma ya yi tsawo har ya leƙo waje mu ce haure. Na san wata za ta ce, mu da muke zaune cikin gida me ya haɗa mu da haƙorin zaki? To ki ɗan rage wutar murhu ki saurara. Kyanwar da ke kwance a gindin randarki tana da shi. Karen da ke bin yara a lungu idan sun taso daga makarantar allo yana da shi. Abin da ke shigowa akurkin kaji cikin dare kuwa, nasa ya fi na su duka sharri. Kuma ranar da ɗayansu ya taɓa yaro, mafi yawan lokuta ke ce za ki fara gani, maigida yana kasuwa ko wurin aiki.

Mu fara da bakinmu. Sa harshenki a tsakiyar haƙoranki na sama, ki ƙirga zuwa gefe: ɗaya, biyu, na uku mai ɗan tsinin nan shi ne fiƙarki. Babban mutum yana da haƙori 32, huɗu daga ciki fiƙoƙi ne, kuma saiwarsu ta fi ta sauran haƙora tsawo. A bakin yaro sukan fito ne wajen shekara ɗaya da rabi. Namu dai gajeru ne, iyakarsu yagar tsire da ɓare rake. Kare kuwa haƙori 42 gare shi, kyanwa 30, kuma da zarar sun buɗe baki fiƙoƙin nan huɗu ne ke fara yi miki sallama.

Mutane da yawa sun ɗauka da su dabba ke tauna. Ki lura da kyanwa idan kin jefa mata tsoka: karkatar da kai take yi gefe, ta yanka naman da haƙoran baya waɗanda ke gogar juna kamar almakashi. Aikin fiƙa shi ne kamu da riƙo, ta shiga ta kafe kamar ƙugiya don kada abin da aka kama ya kuɓuce. Kyanwa takan zura tata a tsakanin ƙasusuwan wuyan ɓera, nan take ya daina motsi. Zaki, wanda tasa ta kai santimita 7, wato kamar tsawon yatsarki, yakan riƙe maƙogwaron dabba ne har numfashi ya ɗauke. Kura ma da muke ta ba yara labarinta a tatsuniya, ƙarfin da take fasa ƙashi da shi yana can a haƙoran bayan fiƙa. Shi ya sa gardawa ba su yarda da ita sai da takunkumi, ko da sun shekara goma tare.

Abin mamaki, akwai dabbobin da ciyawa ce abincinsu amma Allah ya ba su fiƙa, kuma mafi yawa a bakin maza take girma. Waɗannan makamin faɗa ne da tsoratarwa. Idan akwai mai kiwon doki a gidanku, irin waɗanda ake fito da su hawan Sallah a ƙofar fada, ki tambaye shi: ingarma yana da ƙananan fiƙoƙi da ke fitowa yana ɗan shekara 4 zuwa 5, goɗiya kuwa yawanci ba ta da su. Tsakanin haƙoran gaba da turame akwai fili babu haƙori, a nan linzami yake zama. Raƙumi namiji yana da manyan fiƙoƙi, kuma lokacin da yake neman mace ba a kusantar kansa, domin cizonsa yana karya ƙashi. Dorina, wadda sunanta ya zama sunan bulala, haurenta na ƙasa yakan kai kusan kamu guda, yana wasa kansa da kansa ta hanyar gogar na sama, amma da leɓe take tsinkar ciyawa, hauren na kare ruwanta ne daga wata dorinar. Haka gadu. Gwaggon biri kuwa idan ya wangame baki kamar mai hamma, fiƙoƙinsa yake nuna wa abokin gaba. A gaya wa yaran da ke bin masu wasa da biri cewa birin da ya yashe baki ba murmushi yake yi musu ba. Hausawa sun riga sun faɗa, haƙorin dariya shi ke cizo.

Akuya da tunkiya da saniya kuwa ko haƙoran gaba babu a samansu, dasashi ne mai tauri kawai. Giwa ma, duk da muna cewa hauren giwa, masana sun ce nata haƙorin gaba ne ya yi ta tsawo. Da shi take tonon ruwa, take ɓare ɓawon itace, kuma shi ya jawo mata kisa har aka hana cinikinsa tsakanin ƙasashe a 1989. A watan Janairun 2024 gwamnati ta farfasa hauren giwa kimanin tan 2.5 da aka kama, a Abuja. A Arewa akwai ragowar garken giwaye a Yankari a jihar Bauchi.

To mu dawo gida, domin nan ne maganar take. Ki dubi siffar fiƙa: doguwa ce, siririya a baki. Abu mai wannan siffa idan ya shiga jiki, ƙofar da yake bari ƙarama ce amma ramin mai zurfi ne, kamar rijiyar da bakinta bai fi faifai ba amma guga sai ya yi gaba goma. Wuƙa idan ta yanke ki jini yakan zuba, kowa ya tsorata, a nemi magani. Fiƙa kuwa ɗigo biyu take bari, wani lokaci ko jinin kirki babu, sai uwa ta duba ta ce ai ɗan kaɗan ne, ta shafa man zafi ta ɗaure da tsumma. Alhali miyau da dattin bakin dabbar sun riga sun sauka can ƙasa, fatar sama kuma ta rufe a kansu.

Cizon kyanwa ya fi kowanne yin wannan yaudara, saboda fiƙarta siririya ce kamar allura, tana iya kaiwa ga jijiya ko gaɓar yatsa. Da yawanmu muna ajiye mage saboda ɓeraye, kuma ba laifi. Amma idan ta ciji hannu, kika ga kafin gari ya waye wurin ya yi ja, ya kumbura, yana zogi, wannan aikin asibiti ne, kada a tsaya gasawa da ruwan zafi. Yatsa yakan sanƙare saboda irin wannan sakaci.

Babban abin tsoro shi ne ciwon haukan kare. Ƙwayar cutar tana cikin miyan dabbar, fiƙa ce ke kai ta cikin nama. Daga nan ba jini take bi ba, jijiyoyi take bi sannu a hankali har ta isa ƙwaƙwalwa. Shi ya sa ciwon kan yi shiru wata biyu ko uku, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Raunin ya warke, an manta, yaro yana ta wasansa. Rana ɗaya sai zazzaɓi, sai wurin cizon ya fara ƙaiƙayi ko tsira, sai firgita, sai a kawo masa ruwa yana jin ƙishirwa amma maƙogwaro ya shaƙe ya kasa haɗiya. A irin wannan lokaci ne ake cewa iska ce ko sammu. Iyayena, idan ciwon nan ya kai ga bayyana, kusan babu wanda yake tashi, ko a Ingila ko a Amurka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar kare, kuma 4 cikin kowane 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Yaro gajere ne, a fuska da wuya da hannu kare ke samunsa, kuma iya kusancin cizo da kai, iya saurin isar cutar.

Amma wannan tafiyar hawainiya da cutar ke yi ita ce rahamar da ke ciki, domin ana iya tare ta a hanya. Tun 1885 wani masani a Faransa mai suna Louis Pasteur ya yi wa wani yaro ɗan shekara 9 allura bayan mahaukacin kare ya cije shi, yaron ya rayu. Matakin farko kuwa yana hannunki, a tsakar gidanki. Ki kai yaron bakin rariya, ki ɗauko sabulu, ko na wanki ne, ki yi ta wanke wurin kina kwarara ruwa da buta har minti 15. Ki duba agogon waya, domin minti 15 yana da tsawo idan yaro yana kuka, za ki ga kamar kin yi awa alhali minti uku ne. Mu da muka tashi muka tarar ana wanke ƙwarya sau bakwai idan kare ya sa baki a ciki, bai kamata ƙafar ɗanmu ta samu ƙasa da haka ba. Kada a sa toka, ko barkono, ko kananzir, ko garin magani. Kada a ɗaure tamau. Daga nan sai asibiti a ranar, ko na Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, ko asibitin koyarwa na Shika, ko wanda ya fi kusa, a faɗa musu ƙarara cewa kare ne ko kyanwa, a tambayi allurar rigakafin haukan kare da ta tetanos.

Na san abin da ke hana wasu zuwa: labarin allurar cibiya da iyayenmu suka ba mu, wadda ake yi kullum a ciki har mako biyu ko fiye. An daina wannan. Ta yanzu a damtse ake yi, ƙananan yara a cinya, sau uku ko huɗu ko biyar gwargwadon tsarin da likita ya bi, ana farawa ranar farko, a koma rana ta 3 da ta 7. Idan cizon ya yi zurfi akwai wata ta daban da ake yi a cikin raunin. Mai ciki tana iya karɓa, mai shayarwa ma haka. Gaskiya allurar tana da kuɗi, kuma ba kowane ƙaramin asibiti ke ajiye ta ba. Amma idan da akuya a turke, wannan ita ce ranar da aka kiwata ta dominta. Idan kuma an riga an yi kwana biyar ko goma ba a je ba, a je, muddin alamu ba su fito ba lokaci bai ƙure ba.

Shi karen, idan an san mai shi, a ɗaure shi a sa ido kwana 10, amma kada a jira kwanakin su cika kafin a fara allura. Idan ya mutu ko an kashe shi, kada yara su ja shi zuwa bayan ganuwa ko kududdufi. A sanar da likitocin dabbobi, akwai asibitinsu na jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ana gwada ƙwaƙwalwarsa a san gaskiya. Kuma ba kowane mahaukacin kare ke gudu yana cizon iska ba. Wani lafewa yake yi, muƙamuƙi ya saki, miyau na dalala kamar ƙashi ya maƙale masa, sai mai tausayi ya zura hannu zai cire. Ɗan kwikwiyo ma yana ɗauka. Gidan da ake ajiye kare don gadi ko farauta, a yi masa allura tun yana wata 3, a kuma riƙa sabuntawa.

Akwai wani hali namu da nake so mu duba. Yaro ya dawo kare ya cije shi, abin da muke fara yi shi ne duka: wa ya aike ka, ba na hana ka tsokana ba? To gobe ƙaninsa idan abin ya same shi, ja wando zai yi ya rufe, ba za ki sani ba sai bayan wata biyu. Ki tara su yau ki ce, duk wanda kare ko mage ta ciza, ko ta yakusa, ko ta lasar masa gyambo, ya zo ya faɗa mini, ba zan taɓa shi ba. Ki kuma cika alkawarin.

Sai mu zo ga igiyar ƙasa. Na san wasu iyayenmu ba sa son a ambaci sunansa, musamman da dare, ku yi mini afuwa, dole ce ta sa. Haƙorin maciji ya bambanta da duk waɗanda na lissafa, domin shi rami ne da shi a ciki kamar allurar asibiti, jakar dafi kuma tana bayan ido. Na kasa da na kububuwa dogaye ne, a naɗe suke kwance a saman baki, sai za a yi sara su miƙe. Na gamsheƙa gajeru ne a kafe, amma ƙofarsu gaba take kallo, shi ya sa take iya feso dafi daga nisan taku biyu ko uku, kuma ido take nema. Haƙoran nan idan sun karye wasu ne ke maye gurbinsu. Saboda haka maganar da ake yi cewa macijin gardi an cire masa haƙori ba ya komai, kada ki bar ɗanki ya dogara da ita. Ko kan macijin da aka kashe yana iya sara.

Wani abin da ba kowa ya sani ba shi ne, ilimin da duniya ke amfani da shi a kan saran macizanmu, da yawansa a nan ƙasar Zazzau aka tattara shi. A farkon shekarun 1970 wani likita Bature, David Warrell, ya yi aiki a asibitin jami'a a nan Zariya, shi da abokan aikinsa suka bi diddigin waɗanda kububuwa da gamsheƙa suka sara. A aikin da suka wallafa a 1977 ne suka bayyana gwajin nan mai sauƙi da har yau ake yi a ƙasashe da dama: a zuba jinin wanda aka sara a kwalba mai tsabta, a ajiye minti 20, idan bai daskare ba to dafin ya shiga jini, sai a ba da maganin dafi.

Kububuwa ke nan. Ƙarama ce, da ƙyar take wuce kamu guda, idan ta fusata takan goga jikinta ya yi ƙara kamar an zuba ruwa a mai mai zafi, kuma ba banza aka sa mata gobe da nisa ba. Dafinta hana jini daskarewa yake yi. Mutum zai ga kamar ya samu sauƙi, sai jini ya fara fita ta dasashi, ta fitsari, ta tsohon gyambo. Idan babu magani, 10 zuwa 20 cikin 100 suna rasuwa. Yanzu ki auna da hankalinki: wanda jininsa ya daina daskarewa, a kira wanzami ya yi masa tsaga? Ƙofa ce aka ƙara buɗe wa jini. Haka ɗaure ƙafa da igiya, ba ya hana dafi tafiya, sai dai ya ruɓar da ƙafar. Tsotsa da baki da baƙin dutse ma ɓata lokaci ne. A kwantar da mutum, a cire masa zobe da awarwaro kafin kumburi, a tallafe hannun ko ƙafar da kara kamar an yi ɗori don kada ta motsa, a ɗauke shi a kai shi asibiti, kada ya taka da kansa. Kada a ba shi asfirin, yana ƙara tsinka jini. Masu 'yan'uwa a wajen Gombe sun san asibitin Kaltungo, inda ake kwantar da dubban masu irin wannan sara a shekara, mafi yawa manoma da makiyaya.

Mu na cikin gida kuwa gamsheƙa ce tamu, wadda wasu ke kira kumurci. Ita ce mai shigowa cikin gida neman ɓera da ƙwai da 'yan tsaki da kwaɗi, kuma yawancin waɗanda take sara suna barci ne a ƙasa cikin dare. Saranta yana ruɓar da nama. Gidajenmu na birni da yawa na ƙasa ne, ga rumbu, ga tarin itace, ga kango a maƙwabta, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A yaɓe ramukan ɓera kafin damina, a nisanta akurki da buhunan hatsi daga ɗakin kwana, yara su kwana a gado ko a cikin gidan sauro da aka cusa bakinsa ƙarƙashin katifa, kada kuma a fita bayan gida da dare babu tocila. Idan ta fesa wa wani a ido, kada ya murtsuka. A kwantar da shi a buɗe idon a yi ta kwarara ruwa mai yawa, buta bayan buta, idan babu ruwa kusa ko madara ce a zuba, sannan a kai shi a duba idon. Akwai waɗanda suka makance saboda an tsaya neman ganye.

Saura magana ɗaya, kuma tawa ce da ke, uwargida. Duk abin da na faɗa yana buƙatar fita, mu kuwa ba ma fita sai da izini, haka tarbiyyarmu take. Amma cizo ba ya jiran maigida ya dawo daga Sabon Gari, kuma waya takan ƙi shiga daidai lokacin da ake nemanta. Saboda haka ki nemi izinin tun yau, lafiya lau, bayan ya ci tuwo ya huta. Ki ce, Malam, idan kare ko maciji ya taɓa ɗaya daga cikin yaran nan ba ka nan, ka yarda in kai shi asibiti? Idan bai yarda ki fita da kanki ba, ya faɗi wanda zai kai, ƙaninsa ne ko wata dattijuwa a gidan, ya bar lambar mai Keke Napep da aka sani a unguwa, ya kuma ajiye ɗan abin mota a inda ke da abokiyar zamanki kuka sani. Ban taɓa jin malamin da ya ce a bar rai ya salwanta saboda jiran izini ba, amma a gama maganar tun da wuri ya fi, don kada ki tsaya a zaure da yaro a hannu kina waswasi.

Iyayenmu maza da ke saurare a shago ko a majalisa, na san kuna ji, ku riga su faɗa.

A nan zan dakata. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.